Itacen Gonar Harrison

Ranar wata Asabar ce, cikin watan Maris na shekarar 2006. Malam Boukari yana zaune a kicin yana fama da zif ɗin wata tsohuwar jaket, matarsa Tchima kuma tana falo tana yi wa wata mata kitso. Gidan nasu a East Greensboro yake, a Amurka, bangon katako, duk abin da aka faɗa a falo sai ya sami kunnen na kicin ko yana so ko ba ya so. Shi kuwa ba ma'abocin hirar mata ba ne. Dattijo ne ɗan Tessaoua ta Nijar, shekara sittin da uku, mai ɗaurarriyar fuska, wanda ko a masallaci ba a cika jin muryarsa ba sai in an yi ba daidai ba.

Wadda ake wa kitson sunanta Perpetua, 'yar Kafanchan, Kirista, ta yi boko har ta gaji. Duk wata takan zo, kuma duk zuwa sai Tchima ta tsokane ta.

"Ke yanzu duk karatun lakwal ɗin nan da kika yi, shekara ashirin, a ce aikinki ƙirga kwaɗi?"

"Allah kuwa, Mama. Jiya ma har da kunkuru guda uku. Wayyo, sassauta mini nan wajen ƙeya."

"Zauna daidai. Wa ya aike ki ƙirga su?"

Sai Perpetua ta shiga bayani. Ta ce sojoji ne suka yi sababbin jiragen yaƙi, suna neman inda za su girke su, sun ware wurare biyar za a zaɓi ɗaya. Dokar ƙasar kuwa ta ce kafin a zuba siminti ko tafin hannu sai an bi wurin an duba abin da zai lalace: tsuntsaye, ruwan rijiyoyi, makarantun da ƙarar za ta dama, tsofaffin kaburbura in akwai. Kamfanin da take wa aiki aka ba wa ɗaya daga cikin wuraren, su rubuta ripot, wato rahoto.

"To ina ne naku?" in ji Tchima.

"Nan kusa, gaba da McLeansville. Wata tsohuwar gona, wai gonar Harrison."

Boukari ya ji matsefi ya faɗi ƙasa. Daga nan bai sake jin komai daga falon ba.

Suna da ɗa a gonar nan. Lamine sunansa, ɗansu na fari, kuma daga ranar da aka raɗa masa suna babu ɗayansu da ya taɓa kama sunan da bakinsa, don kuwa haka aka tarar ana yi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. "Yaron nan" suke cewa. Ya biyo ubansa Amurka a 1994 yana ɗan shekara ashirin, ya sami aiki a gonar taba ta wani tsoho baƙar fatar ƙasar, Harrison. Da damina ta zagayo, wata rana mai zafin gaske, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya, kafin a kai shi asibiti ya cika.

A wancan lokacin 'yan Nijar a garin ba su taka kara sun karya ba, babu wanda ya san inda ake kai Musulmi. Masu gidan gawa suka ce sai an ɗura masa magani, a sa shi a akwati, a jira kwana huɗu. Boukari ya ce ba da ɗansa ba. Tsoho Harrison ne ya ce ga ƙasarsa, ya bi ya karɓo takardun da hukuma ke nema. Su uku suka haƙa, Boukari da abokansa biyu, Alassane da Zabeirou, a bakin gona, gindin wani ƙaton itace da mutanen nan ke kira ok, mai kauri kamar kuka. Da aka gama, tsohon ya ce zai kawo dutse a sassaƙa suna. Boukari ya ƙi. Ya ce mu ba mu rubuta wa mamaci suna, ba mu gini a kansa. Ya ɗora hannu a jikin itacen ya ce wannan ya isa.

Kuma a saninsa ya isa. A Tessaoua gawon da kakansa ke ɗaure doki yana nan tsaye. Da itace ake sanin iyakar gona, da itace ake kwatanta rijiya, wanda ya ɗaga gatari ya nufi babban itace kuwa sai gari ya taru a kansa. Bai taɓa jin ƙasar da ake ba itace wa'adi ba.

Bai sake komawa ba. Dattijo ya riƙa zarya kabarin ɗan fari, me mutane za su ce? Ya ji rasuwar Harrison bayan shekara uku, ya aika da gaisuwa, bai je ba. Da Tchima ta iso daga gida a 1999, ita ma ba ta tambaya ba. Sau ɗaya dai, suna cin abinci, ba tare da ya dube ta ba ya ce, "Yana wuri mai kyau. Akwai inuwa." Ta ce, "Alhamdu lillahi." Abin da ta samu ke nan, shi ta riƙe shekara bakwai.

"Malam," Tchima ta kira daga falo, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ji?"

Ya ajiye jaket ya fito. Perpetua ta yi sauri ta ja ɗankwali ta rufe kanta da aka kitse rabi, ta ɗan rusuna. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Gonar nan da kika faɗa, akwai mutum a ciki."

"Mutum? Ai ba kowa, Baba, ko gida babu."

"A ƙasa."

Ta dube shi, ta dubi Tchima. "Wane ne?"

Babu wanda ya amsa. Tchima ta zuba wa dardumar falo ido. Da wata ce haifaffiyar nan da ta sake tambaya, amma Perpetua a Arewa ta tashi, ta ga irin wannan shirun a gidajen maƙwabta. Ta rage murya. "Na fari ne?"

Boukari ya shiga ɗaki, ya ɗauko takardar izinin binne yaron, wadda ta sha ninki a cikin leda, ya miƙa mata ta karanta da kanta.

Ta gaya musu yadda abin yake, ba ta ɓoye komai ba. Idan kabari ya shiga ripot da wurinsa, ba mai zuba siminti a kai. Ko a kewaye shi da waya a bar wa iyali hanya, ko a ɗauke shi da mutunci a gaban danginsa. Idan bai shiga ba, kuma aka zaɓi wurin, to katafila ba ta san komai ba. Sati biyu ya rage su rufe ripot ɗin.

"Sai dai dole a nuna mana daidai wurin. Ka san wurin, Baba?"

Ransa ya ɓaci. "Ke 'yar nan, ana tambayar mutum inda ya ajiye ɗansa?"

"Yi haƙuri, Baba."

Ranar Talata da safe ta zo da motar kamfani, tare da wani Bature mai jan gemu wanda ke aiki da na'urar duba ƙarƙashin ƙasa, wata aba mai ƙafa huɗu kamar keken tura jariri. Boukari ya saka farar riga da hula. Tchima ta rako shi har ƙofa, sai da ya sa ƙafa a mota ta ce, "A gaishe shi." Ya yi kamar bai ji ba.

Suka bar gari, suka wuce McLeansville, gidaje suka fara nisa da juna. Ya gane cocin nan mai farin fenti, ya gane gadar rafi. Sai motar ta tsaya a bakin wata hanyar tsakuwa.

"Mun iso," in ji Perpetua.

"Ba nan ba ne."

"Nan ne, Baba."

Ya fito ya tsaya. Babu gidan Harrison, babu rumbun shanya taba, babu gona. Itatuwan fayin ne, masu ganye kamar allura, dubbai, a jere layi-layi kamar sojoji a fareti, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, iya ganin ido. Nan da can an kafa 'yan tutocin leda masu ruwan lemo.

"Ina itacen?"

"Wanne?"

"Babban. Wanda ke bakin gona."

Perpetua ta yi magana da Baturen, ya buɗe wata takarda, ya yi bayani yana nuni da hannu. Ta juyo. 'Ya'yan Harrison sun sayar wa masu katako. Su kuma suka share komai, suka tumɓuke kututture, suka yi huɗa mai zurfi, suka dasa waɗannan.

"Suka sare shi? Itacen da ya fi shekara ɗari? Wa ya ba su izini?"

"Baba, a nan itace amfanin gona ne, kamar gero. A shuka, a girbe. Waɗannan ma da kake gani, an san shekarar da za a yanke su."

Ya daɗe yana kallon ta kamar ta zage shi. Daga baya ya gyara hula ya ce, "Bon. Mu je. Ƙafata ta san hanya."

Ƙafarsa ba ta san komai ba. Ya tuna daga rumbu sun nufi gabas, rafi yana hannun hagu, sun yi tafiyar da ba ta kai a sha shayi ba. Amma ina rumbun yake? Ya shiga layi ɗaya ya fita ta wani, ganyen allura yana sukar fuskarsa, ƙaya tana kama masa riga. Ya tsaya wani wuri ya ce nan ne. Bature ya tura na'urarsa gaba da baya, ya duba allo, ya girgiza kai: saiwa ce da tsohuwar huɗa, duk ƙasar an birkita ta. Boukari ya matsa gaba ya ce a'a, nan ne. Haka aka yi har sau biyar.

Da azahar Perpetua ta shimfiɗa wani hoto a kan motar, wanda aka ɗauka daga jirgin sama tun 1993. Ga rumbun, ga gidan, ga rafi. Ta ce in ya nuna itacen a hoton, za su iya auno wurin. Ya sunkuya da murna, sai murnar ta koma ciki. A bakin gonar akwai manyan itatuwa a jere, ya ƙirga, goma sha ɗaya, daga wannan kusurwa har waccan.

"Guda ɗaya ne," ya ce. "Ni ɗaya na gani."

"Wataƙila ranar ɗaya ka iya gani, Baba."

Ta ba shi wayarta ya kira Alassane, wanda yanzu ke tuƙin tasi a New York. Zabeirou kam ya koma Zinder, can ya rasu. Alassane ya ɗauka cikin hayaniyar titi, suka gaisa, Boukari ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Haba Malam," in ji Alassane yana dariya, "kai da kanka? Tsufa ya zo ke nan. Ai gindin babban itacen nan ne."

"Wanne daga ciki?"

"Kamar ya wanne? Babban mana. Kana zuwa za ka gan shi, ko makaho ya laluba ya samu."

Boukari ya ce ya gode, ya kashe wayar.

Da ya koma gida ranar, ya ce wa Tchima aikin Turawa ne, awo da rubuce-rubuce, sai gobe. Ta kawo tuwo, ya taɓa ya bari.

Washegari suka bi bakin tsohuwar gonar daga farko, inda itatuwa goma sha ɗayan suka taɓa tsayawa. Baturen mutumin kirki ne, ya yi ta turawa har rigarsa ta jiƙe, bai yi tsaki ko sau ɗaya ba. Sau biyu allon ya nuna wani abu, aka haƙa da hannu a hankali, Boukari yana tsaye yana salati. Na farko ruɓaɓɓen kututture ne. Na biyu tsohon bakin garma. Da la'asar Baturen ya ce na'urar gobe wani wurin za ta, ya koma mota ya bar su.

Boukari ya zauna a ƙasa, farar rigarsa ta zama ja da ƙurar wurin. Perpetua ta tsuguna kusa da shi, tana juya wata tuta a hannu. Ta duba wajen motar, ta dawo da ido.

"Baba, zan faɗi wata magana, Allah ya yafe mini. Na'ura ba ita kaɗai ce shaida ba. Kai uba ne, kai ka binne. In ka taka wuri ka ce nan ne, ka sa hannu, ni zan kafa tutar nan in rubuta. Za su kewaye. Mama za ta sami inda za ta tsaya."

Bai ce a'a nan take ba, kada a yi masa ƙarya. Ya dubi wani ɗan fili tsakanin layi biyu, inda rana ta sauko a kan busasshen ganye, wuri mai kyau, shiru. Ya ga kansa ya kawo Tchima nan, ya ga ta ɗaga hannu tana addu'a, ya ga sun koma gida ta yi barci. Wa zai sani? Har ya miƙa hannu wajen tutar.

Sai ya janye.

"In na ce nan ne, alhali yana can," ya nuna da haɓa, "sai su kewaye ƙasa banza, su bi ta kansa da katafila hankali kwance, da sa hannuna. Uwarsa kuma ta zo tana yi wa saiwa sallama har ta mutu." Ya share fuska da tafin hannu. "Sau ɗaya na yar da shi. Ya isa."

"Ba yar da shi ka yi ba, Baba."

"Tsoho Harrison ya ce zai kawo dutse. Da bakinsa ya faɗa. Ni na hana."

Perpetua ta juya baya tana gyara takardu, ta daɗe tana gyarawa. Da ta juyo ta karanta masa abin da za ta rubuta, tana mayarwa da Hausa: iyali sun shaida akwai kabari a gefen gabas na filin, an bincika kwana biyu, ba a gano wurin ba. Ta ce in an zaɓi nan, za a sa mutum ya tsaya lokacin haƙa, in an ga wani abu a dakata.

"In ba a gani ba fa?"

Ta miƙa masa takardar. Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami.

Rana ba ta faɗi ba ta sauke shi a ƙofar gida. Yana buɗe ƙofa ya tarar da Tchima a kujerar falo, ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da take zuwa Idi da ita, mayafi a kafaɗa, takalmi a ƙafa, carbi a hannu. Ashe tun azahar take zaune haka.

"Sannu da zuwa, Malam. Na ce tun da yau za a gama, ko za ka kai ni kafin magariba. Ba zan yi kuka ba. Daga nesa ma ya isa."

Shekara arba'in da aure, ba ta taɓa roƙonsa ya kai ta ko'ina ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. Ya nemi muryar nan tasa ta faɗa, wadda yake rufe magana da ita, bai same ta ba.

"Hajiya, ban san inda yake ba."

Ta dube shi.

"Sun sare itacen. Ni kuma ban sa alama ba."

"Inuwar fa?"

"Babu. Tun kafin ki zo ƙasar nan babu, ni ne ban sani ba."

"Ba ka taɓa komawa ba?"

"Ban taɓa ba."

Ya jira ta yi masa abin da ya cancanta. Ta sunkuyar da kai tana kallon carbin. Wata mota ta wuce a titi da kiɗa, ta yi nisa. Sannan ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ɗauko makulli."

"Hajiya, ba abin da za ki gani. Itatuwa ne kawai, duk iri ɗaya."

"Na ji. Ɗauko."

Ya tuƙa tsohuwar motarsa har suka wuce gadar rafi. A bakin hanyar tsakuwa ta fito, ta tsaya tana duban layukan, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, inda rana ta yi ja a bayansu.

"Yana cikin nan dai?"

"Yana ciki."

"Wannan ka tabbata?"

"Wannan na tabbata."

Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a gefen hanya kamar mai shiga ɗakin mutane. Ta taka ganyen allura da tafin ƙafa, ta shiga layin farko. Ya ji ta yi sallama irin wadda ake wa mutanen kabari, a hankali, ta yi 'yan taku, ta sake yi. Ta kai ƙarshen layin ta juyo ta na biyu. Layukan sun fi ɗari, hasken da ya rage kuwa ba zai kai ta goma ba.

Ya buɗe baki zai ce mata ta dawo, ya rufe. Ya jingina da mota ya zare takalmansa, ya taka zuwa can ɗaya ƙarshen gonar, ya shiga layi na ƙarshe, ya fara daga nan.